Me ya sa masoyan cikin fina-finanmu ba sa dariya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe ina fatan kana lafiya da kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu. Na san ƙasar nan akwai manyan matsaloli, mu nan Katsina ba sai an gaya mana ba, ga tsadar abinci ga maganar tsaro, wani zai ce yo shi wannan fim ne ya dame shi? To e, ya dame ni, don mutumin da ya wuni cikin zullumi in dare ya yi ya kamata ya samu ya zauna da iyalinsa su yi dariya ko ta awa ɗaya ce, in aka ɓata masa wannan awar kuwa wallahi an cuce shi.

Ni dai na yi shekaru ina da shagon hayar kaset a unguwarmu, tun zamanin kaset ɗin bidiyo mai zare har aka koma faifan CD, har waya ta zo ta cinye sana'ar, yanzu caji nake yi da sayar da kati da su iyafis. A wancan lokacin akwai saƙon da na fi samu daga cikin gidaje, za a aiko yaro da kuɗi a hannu ya ce wai in ji Anti a ba ta na soyayya amma mai ban dariya. Sai in tsaya ina kallon kanta. Na soyayya ga su nan jibgi, kuka da waƙa da auren dole, na barkwanci ma ga su nan a nasu layin, amma wanda ya haɗa biyun a tukunya ɗaya har suka dahu tare da ƙyar nake samu a na Hausa, ƙarshenta sai in miƙa wa yaron na Indiya. Yau shekara nawa ke nan, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yanzu da kowa ke kallon fim mai dogon zango a YouTube, kyamara ta gyaru, sauti ya gyaru, kayan sawa kam ba a magana, amma wannan giɓin yana nan yadda na bar shi.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuta wannan, kwanakin baya ne bayan sallar isha'i muka zauna a tsakar gida ni da maiɗakina da 'yan matan yarana biyu, na sa data ta musamman don wani fim mai dogon zango da aka yi ta tallarsa cewa soyayya ce da barkwanci, ba zan faɗi sunansa ba don ba tozarta kowa na zo yi ba. Farko ya yi daɗi. Ana nan sai jarumin ya hango budurwar tasa a gaban mota da wani namiji suna dariya, shi ke nan ya juya ya yi fushi ya daina zuwa zance, ita kuma ta kwanta a gado tana kuka ana kiɗa mai taushi, mu 'yan kallo kuma mun sani sarai yayanta ne da ya dawo daga karatu don an nuna mana tun a fitowar baya. Aka ja wannan abin sati da sati. Ƙaramar ɗiyata da ke aji biyu a sakandare ta ce, Baba shi ba shi da kati ne ya kira ta ya tambaya? Uwarta ta tashi ta ce ita barci take ji. A tsakanin kukan kuma sai a yanko mana wani mai gadi da aka sa wa ƙaton tabarau da wando ɗangalalle ya zo ya faɗi a ƙasa ya tashi, wai shi ne barkwancin, shi ba ruwansa da labarin, in ka cire shi gaba ɗaya babu abin da zai ragu. Raina ya ɓaci sosai a daren nan, ba don kuɗin data ba, don na ga an ɗauke mu marasa wayo.

A ganina nan ne cutar take. An ajiye soyayya a ɗaki ɗaya an ajiye dariya a wani ɗakin an kulle ƙofar tsakani. Jarumi da jaruma ba a yarda su ba da dariya ba, shi kullum fuska a ɗaure yana jero kalaman da babu saurayin da ya taɓa faɗar su a ƙofar gidan kowa, ita kuma aikinta ta sunkuyar da kai ta yi murmushi ko ta yi hawaye. Dariya an bar wa mai gadi da 'yar aiki da baƙauye. Alhali duk wanda ya taɓa son wani ya san ba haka abin yake ba, ai yawanci ma da dariya ake farawa, wadda ta iya ba ka dariya har ka manta da damuwarka ita ce zuciya ke komawa wajenta.

Bari in ba ka abin da na gani da idona daga bakin shagona, ba a fim ba. Wani yaro matashi, ɗinkin shadda sabo fil, hula ta sha kari, turare tun daga bakin lungu ake jin sa, ya zo zance gidan da ke kallon shagona, ina jin zuwansa na biyu ke nan. Ya samu wani ɗan ƙaramin yaro ya ba shi alawa ya raɗa masa a kunne ya je ya ce ana sallama da wance. Yaron nan bai ko shiga soro ba ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe murya iya ƙarfinsa, wai ana kiran wance in ji mai turare! Duk 'yan majalisar da ke zaune a dakali suka juyo. Can sai ga labule ya motsa, saurayi ya gyara tsayuwa ya gyara hula, sai ga kakar yarinyar ta fito da sandarta tana cewa ga ni angona, ai tun la'asar nake kwalliya ina jiran ka, me ka kawo mini? Ya durƙusa har ƙasa yana gaishe ta gumi na keto masa, ita kuwa ta ƙi tafiya, ta ce ita ce uwargida, waccan ƙwailar ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba, sai da ya lalubo kuɗin goro ya ba ta sannan ta ce to a shigo da shi soro. Ita kuma yarinyar ina hango gefen mayafinta a bayan ƙyaure, kafaɗunta na rawa don dariya, da ta fito da tabarma da ruwa a jug ta kasa haɗa ido da shi, shi ma ya kasa, sai kawai su biyun suka fashe da dariya a tare. Ranka ya daɗe, wannan minti biyar ɗin ya fi mini fitowa ashirin na wancan fim ɗin, ga kunya ga so ga ban dariya duk a wuri ɗaya, babu wanda ya faɗi ƙasa babu wanda ya sa tabarau. Yanzu haka suna da ɗa ɗaya, kuma har gobe kakar angona take ce masa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu Hausawa Allah ya hore mana kayan wannan irin fim fiye da yadda muke zato. Al'adarmu ta riga ta tsara wa mutum waɗanda zai yi wasa da su da waɗanda zai ji kunyarsu. Ga wasan jika da kaka, ga wasan mace da ƙannen mijinta, ga na taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, da ake bin juna kuɗin shara in watan cika-ciki ya kama, ga na ƙabilu da garuruwa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zagezagi, mu Katsinawa da Nufawa. A ɗaya gefen kuma ga surukuta, mutum ya hango surukinsa ya canza hanya ko ya tuɓe takalmi, ga matar da ba ta faɗin sunan mijinta, ga uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari. To a ce marubuci ya zauna ya ɗauko taubasai biyu da suka tashi suna tsokanar juna tun suna yara, ita tana ce masa bawanta shi yana ce mata baiwarsa, kowa ya san ba sa zama inuwa ɗaya, rana ɗaya aka kawo kuɗin gaisuwarta daga wani gida sai ya ji abinci ya daina masa daɗi, kuma ba shi da bakin faɗa don duk abin da ya faɗa za a ce wasa yake. Wannan kaɗai ai ya isa fim guda, kuma dariyar da ciwon duk daga wuri ɗaya za su fito.

Ko bikin aure kawai a ɗauka. A 2016 'yan Kudu suka yi The Wedding Party, Kemi Adetiba ta ba da umarni, labarin duka bikin aure ne na rana ɗaya a Legas, amarya Bayarbiya ango Ibo, iyaye mata biyu kowace na ji da kanta har a kan abincin da za a raba, kuma mutane suka yi ta tururuwa zuwa silima. Su rana ɗaya suka samu. Mu fa? Daga kai lefe da yadda 'yan uwan amarya ke buɗe akwati suna ƙirga atamfa suna taɓe baki, zuwa kamu, zuwa sa lalle, zuwa jere da rigimar gado bai shiga ɗaki ba, zuwa ɗaukar amarya da motar da ba ta isa ba, zuwa sayen baki inda abokan ango da ƙawayen amarya ke ciniki kamar a kasuwar 'yan tumaki, zuwa buɗar kai. Sati guda cur na abin dariya da abin tausayi, amma a fim ɗinmu sai a nuna mana hol da kujeru masu ƙyalli da liƙi da rawa a wuce.

Su 'yan Indiya da muka taso muna kallo, har yanzu kuma ana kallon su da fassarar Hausa, mun kwaso waƙarsu da rawarsu da canza kaya sau biyar a waƙa ɗaya amma mun baro abin da ya sa nasu ke kama zuciya. Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, na Shah Rukh Khan da Kajol, wanda wata silima a Mumbai mai suna Maratha Mandir ta yi shekaru da shekaru tana nuna shi, na ba da hayarsa har kaset ɗin ya gaji. Me mutanenmu suka gani a ciki? Yaron nan yana da damar ya gudu da yarinyar, har uwarta ta ce su gudu, ya ce a'a sai ubanta ya ba shi da hannunsa. Sai ya shiga gidan bikin da ake shirin yi mata da wani a matsayin abokin ango, yana ɗaukar kaya yana taya mata aiki a kicin yana neman shiri da kowa, yana bin uban nata, tsohon nan mai zafin rai, wajen ba tattabaru hatsi da sassafe don dai ya samu fuska. Duk dariyar fim ɗin a nan take, a wahalar da yake sha don neman yardar suruki, abin da duk Bahaushen da ya taɓa neman aure ya sani a jikinsa. Kuma shi jarumin da kansa ne ke ba da dariyar, ba a ɗauko masa wani daga waje ba.

Haka Jab We Met na 2007, yarinya mai surutu kamar rediyo ta haɗu da wani ɗan kasuwa da duniya ta yi masa zafi a cikin jirgin ƙasa, ta dame shi da magana har ya rasa inda zai sa kansa, daga baya rayuwa ta juya ita ta yi shiru shi kuma ya dawo da walwala, sai ya zama shi ke ƙoƙarin dawo mata da irin abin da ta ba shi. Na kawo wannan ne saboda 'yan matan fina-finanmu. Don Allah a ba su hali. A ba mu mai tsiwa, a ba mu mai rowa, mai son kuɗi amma mai tausayi, mai sana'ar ɗinki ko awara da ta fi saurayin iya lissafi, wadda in ya yi mata ƙarya za ta gane tun bai rufe baki ba. 'Yan matan Katsina da na sani in suka buɗe baki sai ka riƙe ciki, amma a fim sai a mai da mace kamar hoton kalanda, kyau kawai da gwala-gwalai.

Na Amurka ban cika ba da su haya ba don yawancinsu ba na kallo da iyali ba ne, amma Coming to America na 1988 na Eddie Murphy kowa ya san shi, ɗan sarki ya bar daula ya tafi unguwar Queens a New York yana goge-goge a gidan abinci don yana son macen da za ta so shi ba don sarauta ba, uban yarinyar kuma idonsa na kan mai kuɗi. Ai wannan tatsuniyarmu ce ta ɗan sarkin da ya ɓad da kama. Mu da muke da labarin Bayajida a nan Daura kusa da mu, baƙo ya zo cikin dare ya nemi ruwa wajen tsohuwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, ya je rijiyar Kusugu ya kashe macijin ya bar takalmi, gari ya waye maza suka yi ta fitowa kowa na cewa shi ne, sai da aka zo gwajin takalmi da kawo kan maciji ƙarya ta ƙare, ƙarshe aka yi aure da sarauniya. Tun kakanni mun san yadda ake saƙa labarin aure da abin dariya a ciki.

Wani zai ce ai dokokinmu ne suka ɗaure masu fim, tunda akwai hukumar tace fina-finai a Kano tun 2001 kuma namiji ba ya taɓa mace a fim ɗin Hausa. Ni kuwa ina ganin wannan riba ce ga mai basira. Dama kowa ya san ƙarshen irin wannan fim aure ne, babu mai zama don ya ji ko za a yi, ana zama ne don a ga ta yaya za a kai, kuma abin da ke riƙe ɗan kallo shi ne abin da ya tsaya a tsakaninsu. Turawa sai sun yi ta ƙirƙiro dalilin da zai hana masoya haɗuwa don su babu abin da ya hana su, mu kuwa ga kunya ga iyaye ga lefe ga kuɗin haya ga aikin yi ga gwajin jini ga uwargida in ƙari ne, duk gaskiya ne duk muna fama da su. In ba za a taɓa juna ba dole magana ta yi aiki, dole ido ya yi aiki, dole shiru ma ya yi aiki. Saurayi ya zo da magana a bakinsa ya kasa faɗa ya ɓige da tambayar ya jikin Umma sau uku, wannan ya fi waƙar minti bakwai a gaban fulawoyi. Ba na ƙin waƙa fa, ina son ta in ta zo a inda baki ya gaza, amma ba a tsayar da labari cak don a nuna mana leshi ba.

Sai maganar irin dariyar kanta, a nan kam ina roƙo da babbar murya. A daina sa mu dariya da mai in'ina da gurgu da kurma da gajere, a daina mai da mutumin ƙauye wawa, shi ya noma abin da muke ci, kuma a daina ɗauko Sakkwatanci ko Katsinancinmu a sa a bakin sakarai kaɗai kamar masu wannan harshen ba sa soyayya. Akwai wata baiwar Allah mai lalurar ƙafa da ke aiko yaro shagona a da, wata rana ta aiko da kaset tun kafin lokacinsa ya cika ta ce a gaya mini kar in ƙara ba ta irin wannan, da na duba sai na ga abin da aka yi da mai irin lalurarta a ciki, har yau in na tuna sai in ji nauyi. Marigayi Rabilu Musa Ibro da ya rasu a Disambar 2014, Allah ya jiƙansa, baiwarsa daban ce, shi ko tsayuwa ya yi ya kalle ka sai ka dara, kuma in ka lura da kyau yawanci halin mutane yake kamawa, rowa da ƙarya da cika baki da son banza. Masu kwaikwayonsa da yawa sun ɗauki kayan da ihun sun bar lurar. Haka marigayi Samanja, Usman Baba Pategi, da ya rasu a 2023, barikin soja ya sani ciki da waje shi ya sa nasa ya zauna. Dariya mai daɗewa daga sanin mutane take fitowa.

Kuma ba wai ba a taɓa dacewa ba, kar a ce ban yaba ba. Kamaye da Adama na Daɗin Kowa a Arewa24, mata da miji ne da talauci ya sa su gaba, kullum cikin cacar baki, amma mutane suka riƙe su don kowa ya san gida irin wannan a unguwarsu. Wannan ya nuna akwai marubutan da ke da kunne. Abin da nake fata a ɗauko irin wannan kunnen a kai shi wajen saurayi da budurwa, a kuma kai shi wajen ango da amarya a shekararsu ta farko, lokacin da tuwo ke ƙonewa ana ɓoye tukunya, miji na cin abinci gishiri ya yi yawa yana cewa ya yi daɗi.

Furodusoshi na san kuna da naku uzurin, kasuwar faifai ta mutu, YouTube kuma sai an yawaita fitowa ake samun abin kashewa, shi ya sa ake jan labarin da bai wuce awa biyu ba har ya shekara. Na fahimta, ni ma sana'ata ta mutu a wannan guguwar. Amma kuɗin da ake kashewa wajen hayar gidan bene da jerin motoci don Allah a rage a ba marubuci, a bar shi ya je ya zauna a dakali a lungu bayan magariba ya saurari yadda ake zance, ya shiga gidan biki ya tsaya kusa da masu girki. In ma yana so ya zo Katsina, benci na nan a bakin shagona, gidan da na ba da labari akwai ƙanwar yarinyar da ta taso yanzu, kakar kuma na nan da ranta da sandarta, jiya ma na ji tana tambayar yara ko mai turare na biyu ya iso.

Na gode Edita, Allah ya bar zumunci.

Naka mai karatu a kullum,
daga Ƙofar Sauri, Katsina.